Ɓangaren Sauraro Na IELTS: Abin Da Ya Cancanci Kuɗinka Da Abin Da Bai Cancanta Ba

Wasiƙun da suka taru a wannan karon daga Abuja da kewaye kusan duk a kan ɓangaren sauraro na IELTS suke, wato jarrabawar gwada iya Turanci da ake nema ga mai son karatu ko aiki a ƙasar waje. Ga wanda bai taɓa zama ba: tambayoyi 40 ne, kashi huɗu, kowane kashi tambaya 10, cikin kamar minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Ɓangaren iri ɗaya ne ga mai neman karatu da mai neman izinin zama ko aiki.

Assalamu alaikum. Na shiga kasuwar Wuse neman littafin shiri, aka jibge min tuli, har da na fotokwafi masu araha. Wata biyu ya rage min. Wanne zan ɗauka? – Wani ɗalibi daga Kubwa

Wa alaikumus salam, Malam. Nemi jerin littattafan Cambridge masu lamba a jiki, domin Cambridge na cikin masu jarrabawar, tare da British Council da IDP. Kowane littafi yana ɗauke da cikakkun gwaje-gwaje huɗu. Biyu ko uku daga cikin na baya-bayan nan sun ishe ka, gwaji 8 zuwa 12 ke nan, kuma da wuya ka cinye su yadda ya kamata a wata biyu. Ka fifita waɗanda suka fito daga 2020 zuwa yau, saboda a shekarar aka cire misalin da ake fara bayarwa a kashi na ɗaya. Wanda ya saba da tsofaffin yana nan yana jiran misali, tambaya ta farko ta wuce shi.

Matsalar na fotokwafi ita ce muryar. Sau da yawa babu ita, ko a tura maka wadda ba ta littafin ba. Kafin ka miƙa kuɗi, sa mai shago ya kunna maka gwaji na farko, ka buɗe shafin ka ga sun dace. Ka juya baya ka tabbatar akwai amsoshi da kuma rubutaccen abin da aka faɗa a muryar. In babu wannan rubutun, ajiye littafin, don rabin amfaninsa yana can.

Yadda za ka ci moriyarsa shi ne ka yi gwaji ɗaya a zama ɗaya, ba tsayarwa, ba mayarwa baya. Ka duba makinka. Sannan aikin gaske ya fara: kowace tambaya da ka faɗi, ka nemo wurinta a rubutun, ka sake saurara kana bi da yatsa, ka rubuta dalilin faɗuwar. Ban ji ba ne? Na ji amma na rubuta ba daidai ba? Ko na ɓace a hanya? Wannan bitar takan ci awa guda, ninki biyu na gwajin kansa. Mai yin gwaji uku a rana yana ƙirga maki kawai ƙona littafi yake yi.

Gwaje-gwajen da ke yawo a YouTube kuwa, da yawansu muryar na'ura ce, wasu ma amsoshinsu kuskure ne. Na kyauta da za ka amince da su suna shafukan British Council da IDP. Don sabawar kunne, shirin 6 Minute English na BBC kyauta ne, kuma yana zuwa da rubutunsa.

An ce in sayi hedifon mai tsada mai toshe hayaniya a kasuwar Banex. Ya zama dole? – Wata mai karatu daga Gwarinpa

A'a, Malama. Ba za a bar ki ki shiga ɗakin jarrabawa da naki ba. A jarrabawar kwamfuta cibiyar ce ke ba da shi, kuma za a ba ki dama ki gwada ki daidaita ƙara kafin a fara. In kunne ɗaya ba ya yi, a lokacin za ki ɗaga hannu, ba bayan an fara ba. Don atisaye a gida, mai waya wanda ke rufe kunne, mai matsakaicin kuɗi, ya wadatar, kuma ba ruwansa da caji ranar da aka ɗauke wuta. Ragowar kuɗin ki ƙara littafi.

Ta kwamfuta zan yi ko ta takarda? Ba ni da saurin buga rubutu. – Wani ma'aikaci daga Nyanya

Tambayoyin da wahalarsu ɗaya ne. Bambancin yana ƙarshe: a ta takarda ana ba da minti 10 na kwafe amsoshi zuwa takardar amsa, a ta kwamfuta minti 2 ne kawai na dubawa, domin tun kana saurara kake bugawa. Sakamakon ta takarda kwana 13 yake ɗauka, na kwamfuta kuwa 'yan kwanaki. Jarrabawar ta karkata sosai zuwa kwamfuta, ranakunta sun fi yawa, don haka shawararmu ka shirya mata.

Kada rashin sauri ya tsorata ka. A sauraro kalma ɗaya zuwa uku kake bugawa, ba jimla ba. Abin da ake buƙata shi ne yatsa ya san inda harafi yake yayin da kunne ke aiki. Ka riƙa yin gwajinka a kwamfuta ta gaske, ba a waya ba, ko da aro ne ko a shagon intanet sau biyu a mako. Maɓallin Tab yana tsallakar da kai daga gurbi zuwa gurbi, ka saba da shi. Sa'o'in da kake ɓatawa a gosulon hanyar Nyanya kuma ka sa rediyon Turanci a kunne, amma kada ka yi cikakken gwaji a mota. Wannan sai a tebur, da agogo.

Na samu 6.5 a sauraro, ina neman 8 saboda Kanada. Ina jin Turanci sosai, a ofis da shi nake aiki. In biya a sake duba min, in shiga lesin, ko in sake zama? – Wani magidanci daga Karu

Alhaji, mu fara da lissafi. Ana ba da sakamako ne a matakai har zuwa 9: amsa 23 daidai cikin 40 tana kai mutum kusan mataki na 6, 30 tana kai shi 7, 35 tana kai shi 8. Wato kuskure biyar kawai aka yafe maka. A tsarin Express Entry na neman izinin zama a Kanada, matakin CLB 9 (ma'aunin iya harshe na ƙasar) yana neman 8 a sauraro da 7 a sauran ɓangarori ukun, wato karatu, rubutu da magana, shi ya sa nan ne mutane suka fi maƙalewa.

Sake dubawa ba mu ba ka shawararsa. Ana iya nema cikin mako shida, kuma ana mayar da kuɗi in makin ya canza, amma amsar sauraro ko daidai ce ko kuskure, babu ra'ayin mai dubawa a ciki kamar yadda yake a rubutu da magana. Daga 6.5 zuwa 8 tazarar amsoshi shida ce ko fiye. Ba kuskuren ƙirga ba ne.

Mai aiki da Turanci kullum irinka ba a fahimta yake zubar da maki ba. Ga inda yake tsiyaya.

Na farko, tarko. A kashi na ɗaya, inda mutum biyu ke maganar yau da kullum kamar kama ɗaki ko yin rajista, mai magana zai ce taron ranar Talata ne, ka rubuta ka ɗauke kai, sai ya ce a'a, an mayar da shi Alhamis. Amsar ita ce ta biyun. Kada ka saki tambaya sai zancen ya bar ta.

Na biyu, rubutu. Harafi ɗaya ya kuskure, makin ya tafi. "Accommodation", "Wednesday", "February" da "environment" sun ci mutane da yawa. Haka harafin s na jam'i a ƙarshen kalma, wanda kunnenmu kan yar da shi. Jimlar da ke takarda takan nuna maka ko tilo ake so ko jam'i, ka karanta ta. In an ce kada a wuce kalma biyu ka rubuta uku, ka faɗi ko da ma'anar daidai ce. Rubutun Ingila da na Amurka duk ana karɓa.

Na uku ya shafe mu Hausawa kai tsaye. Hausa ba ta raba p da f, kuma ba ta da v, don haka in ana jero haruffan suna ko lambar unguwa, P da B da V sukan cakuɗe. A, E da I na Turanci ma suna rikita mai saurin rubutu, haka G da J. A lambar waya za ka ji "double four", ko "oh" a maimakon sifiri. 15 da 50 kuwa wurin nauyin murya ne ke raba su: na farko a ƙarshe, na biyu a farko. Maganin wannan minti goma ne kullum: wani a gida ya kunna maka jeren haruffa da lambobi kana rubutawa. Cikin mako biyu za ka ga bambanci, kuma kashi na ɗaya shi ne wurin da mai neman 8 bai kamata ya rasa ko ɗaya ba.

Sai ɓacewa. Kashi na uku hira ce ta ɗalibai da malaminsu, har mutum huɗu, da zaɓin amsoshi masu tsawo waɗanda ba za a faɗe su da kalmomin da ke takarda ba. In ka ji ainihin kalmar da ke cikin wani zaɓi, ka yi hattara, sau da yawa ita ce tarkon. Kashi na huɗu lacca ce, tambaya 10 a jere ba hutu a tsakiya. Amsoshi suna bin tsarin tambayoyi, don haka idonka ya kasance a kan biyu lokaci guda, wadda kake kai da mai bi mata. Ɗaya ta wuce ka, bar ta. Mai juyayin tambaya ta 33 shi ke asarar 34 da 35. Daga baya ka cike gurbin da hasashe, tunda ba a rage maki don kuskure.

Lesin yana da amfani in malamin zai zauna da kai a kan kurakuranka ɗaya bayan ɗaya. In kunna murya zai yi wa mutum talatin ya karanto amsoshi, kana iya yin haka a falonka. Ka nemi a bar ka ka zauna aji ɗaya kafin ka biya. Kada ka sake yin rajista sai ka samu 35 ko fiye a sababbin gwaje-gwaje uku a jere.

Akwai kuma tsarin One Skill Retake, wanda ke ba wanda ya yi ta kwamfuta damar sake ɓangare ɗaya cikin kwana 60. Ba kowace hukuma ke karɓarsa ba, don haka ka ga amincewar wadda za ka miƙa wa sakamakon a rubuce a shafinta kafin ka biya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, Ingila nake nema. IELTS ko OET? – Daga Gwagwalada

Hukumar NMC, mai rajistar ma'aikatan jinya a Birtaniya, tana karɓar duka biyun: 7 a sauraron IELTS, ko B a na OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Sauraron OET tambaya 42 ne cikin kamar minti 40, kuma duk zancen asibiti ne: ganawa da majiyyaci, miƙa aiki, jawabin ƙwararru. Ga mai shekaru a bakin aiki wannan sauƙi ne, sai dai kuɗinsa ya fi yawa kuma amfaninsa ya fi tsayawa a fannin lafiya. Ki yi gwajin kyauta na kowanne sau ɗaya, da agogo, Malama, ki bi inda makinki ya fi kusa da abin da ake nema.

Wani a WhatsApp ya ce yana da tambayoyin da za su fito, ko ya ɗaga min maki daga ciki. – Ba suna

Damfara ce. Jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance sakamako kai tsaye daga rumbun masu jarrabawar da lambar da ke jikin takardar, don haka ta bogi ba ta wuce matakin farko. Wanda aka kama ana iya soke sakamakonsa a hana shi sake zama, biza kuma ta lalace. Rajista a shafin British Council ko IDP ake yin ta, kuma takardar shaidar da ka yi rajista da ita, ita za ka riƙe ranar jarrabawa. In fasfonka ya kusa ƙarewa, sabunta shi kafin ka zaɓi rana.