Me ake nufi da mataki na 3 a GMFCS?

'Yar'uwa, kin ce an rubuta wa ɗanki mai lalurar shanyewar gaɓoɓi ta raunin ƙwaƙwalwa "GMFCS mataki na 3", kina tambaya ko ciwon ne ya tsananta. Kwantar da hankalinki.

GMFCS ma'auni ne da aka fitar a Kanada a 1997, mai matakai 5, kuma motsi kawai yake dubawa: zama, tsayuwa, tafiya. Yaron mataki na 1 yana tafiya ba cikas, na 5 sai an tura shi a keke. Na 3 yakan taka da sanda ko abin dafawa, in tafiyar da nisa ya hau keken guragu. Matakin ba ya auna basira ko kaɗan. Yawanci ba ya sauyawa bayan shekara 2, amma yaro yana ci gaba da koyon sabbin abubuwa a cikinsa.

Ni dai lamba ɗaya ba ta gamsar da ni. Tsarin ICF, wato tsarin bayyana lafiya da nakasa na Hukumar Lafiya ta Duniya, na 2001, yana duba har wasa, makaranta da yanayin gida. Ki roƙi likitan gashin ƙashi ya auna hannuwansa da MACS, ma'aunin yadda yaro ke sarrafa abubuwa da hannu, ku tsara atisayen tare.