Ɗana, tikitin hanya a Amurka sammaci ne

Saƙonka ya iso, na kuma saurari muryoyin nan uku da ka turo ta WhatsApp. Kai ne na huɗu daga gida da ya yi mini maganar mota a bana, kuma duk tambayarku ɗaya ce: nawa ake samun Camry mai lafiya? Ko jirgi ba ka hau ba tukuna. Amma can ƙarshe ka saƙo wata magana, wai abokinka da ya riga ka zuwa karatu ɗan sanda ya ba shi tikiti a hanya, takardar ta ɓace, kai kuma ka ce masa ba komai, tara ce, in kuɗi sun samu ya biya. Wannan ce ta zaunar da ni rubutu. Camry ta jira.

Takardar nan sammaci ce. A jikinta akwai sunan gunduma da ranar zaman kotu. Gunduma ita ce suke kira kawunti, kusan kamar ƙaramar hukuma a wajenmu, kuma nan Karolina ta Arewa guda 100 ne, kowace da kotunta. Shari'arka tana gundumar da aka tsayar da kai, ba inda kake kwana ba. Ni ina Greensboro, gundumar Guilford. In aka tare ni a hanyar Charlotte, can zan je in amsa.

Ban san haka ba sai da na sha wuya. A shekarata ta biyu, ina dawowa daga kai wani filin jirgi, na taka mota a kan babbar hanyar I-85, mil 81 a inda aka rubuta 65. Da na ga wutar nan shuɗiya a madubi na gangara gefe, sai halin gida ya motsa: na buɗe ƙofa zan fita in je in gaishe da ofisa, in ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Tsawar da ya daka mini har yau tana kunnena, hannunsa a kan ƙugu. A nan ba a fita. Ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka laluba aljihu sai ya ce ka kawo lasin. Na goro kuwa, ko da wasa kada ya fito daga bakinka, don wannan laifi ne da ya fi gudun nesa ba kusa ba.

Ya ba ni takarda ya yi gaba. Wani ɗan'uwa da ya shekara goma a nan, wanda muke ɗauka ya san gari, ya ce mini, "Share kawai, su nawa za su bi?" Na cusa ta a aljihun mota. Cikin 'yan kwanaki akwatin wasiƙuna ya cika da ambulan na lauyoyi, kowa ya san sunana, ya san gudun da na yi, yana tallan kansa. Na yi ta mamakin wanda ya gaya musu. Ashe bayanan kotu a nan a buɗe suke, kowa na iya dubawa. Ko wannan bai farkar da ni ba. Na zuba su a shara, bayan wata guda kuma na sauya gida ban sanar da DMV ba, wato ofishin lasin, alhali doka ta ba da kwana 60 a sanar.

Ga yadda abin yake tafiya. Ranar kotu ta wuce ba ka je ba, bayan kwana 20 kotu ta kai sunanka DMV, a ɗora maka dala 200 na rashin zuwa. DMV ta aiko da wasiƙa cewa nan da kwana 60 za a soke lasin. Tawa wasiƙar tsohon gida ta tafi. Na yi watanni ina tuƙi da soken lasin ban sani ba, sai ranar da na je neman aikin kai kaya, matar da ke ɗaukar ma'aikata ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna da biro. Aikin ya wuce ni. Da an sake tare ni a watannin nan, sabon laifi ne a kan tsoho. Shi kuwa mai shawarar, da na same shi a masallaci, cewa ya yi ƙaddara ce. Muna gaisawa har yanzu, iyakarta ke nan.

Kai ma shawararka ba ta fi tasa da yawa ba. Biyan tikiti ta intanet amsa laifi ne, daidai yake da ka tsaya gaban alƙali ka ce na yi. Makin laifi ya hau kan lasin, in ya kai 12 cikin shekara 3 a dakatar da kai. Kamfanin inshora kuma yana da nasa lissafin, ya ƙara maka kuɗi na shekaru, kuma wannan ƙarin ne ke cin mutum, ba tarar ba. A jihar nan, in ka haura mil 55 kuma ka wuce ƙa'ida da fiye da 15, ko ka haura 80, ya zama ƙaramin laifi na shari'a, kuma in ya tabbata lasin na iya tafiya kwana 30.

Wanda ya je kotu da sassafe, da riga mai kyau da takardar tarihin tuƙinsa, yakan samu magana da mai gabatar da ƙara kafin a kai ga alƙali. In tarihin da tsabta, sau da yawa a rage gudun, ko a mayar da shi laifin kayan mota, kamar a ce mitar gudu ce ba ta aiki daidai, wanda ba ya ɗauke da maki. Akwai kuma abin da suke kira PJC, roƙon alƙali ya jingine hukunci, amma ba kullum ake bayarwa ba, kuma ba a ɓarnatar da shi a kan ƙaramin abu. Kuɗin kotu, kusan dala 200, ba makawa. In gundumar da nisa, ka ɗauki lauyan garin, galibi shi zai tsaya maka. Tafinta kyauta ne in ka nema.

Batun duba shari'ar abokin naka ba wuya. Jihar tana da shafin kotuna mai suna eCourts Portal, wanda aka fara a 2023, ana nema da lambar tikiti ko da suna. Sunan nan ne matsalarmu. Muhammad, Mohammed, Mahamadou na 'yan'uwanmu na Nijar, ga Abubakar da Aboubacar, ga sunan uba da kan koma gaba. Ya rubuta yadda yake a lasin harafi da harafi, in bai fito ba ya juya sunayen, ya kuma tabbatar shi ne ba takwaransa ba. In ya gagara, ya kira ofishin akawun kotun gundumar, ko ya je da ƙafarsa. Wasu jihohin kowace gunduma ko birni da nasa shafin. Saƙon waya da ke cewa ka biya tara yau ta wannan mahaɗi, 'yan damfara ne.

In shari'ar ta ƙare, ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ya adana tare da fasfo. Takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, tana tambaya ko an taɓa kama ka ko an ba ka sammaci, kuma ɓoyewa ta fi tikitin haɗari. Lokacin da na cike tawa, kwafin nan na ajiye a teburin jami'ar, ta duba ta wuce, yau ga ni da fasfo ɗinsu da lasin da ya shekara da shekaru ba maki ko ɗaya. Ku ɗalibai ma ya fi shafa. A Afrilun 2025 an soke rajistar dubban ɗaliban waje a tsarin SEVIS, kundin da gwamnati ke ajiye bayanansu, bayan an bi sunayensu a bayanan 'yan sanda, har da waɗanda abin da ke kansu na hanya ne, kafin a mayar bayan an yi ta shari'a. Tuƙi cikin maye ba zan ma tsaya a kai ba, na san gidan da ka fito.

Abu biyu ka riƙe tun yanzu. Motar makaranta rawaya in ta fito da alamar tsayawa, ka tsaya cak, wuce ta a nan tara ce daga dala 500 da maki 5, kuma ba PJC. In kuma za ka Washinton ta cikin jihar Bajiniya, haura mil 85 ko wuce ƙa'ida da 20 tuƙin ganganci ne a dokarsu, hukuncinsa na iya kaiwa wata 12 a gidan yari.

Ka ce wa abokin naka ya turo mini hoton lasinsa, ya tuna hanyar da aka tare shi da garin da ya fi kusa, yau ba gobe ba. Kafin mu ga abin da ke kansa, ya ajiye makullin. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso.