Amsa ga 'yar uwar da cin ruwa ya dama

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ƙafata kike siffantawa. Tsakanin yatsu ya yi fari ya jiƙe, ga ƙaiƙayi, in kin sosa ya dare ya kama zogi, kuma kin ce da damina ya fi tashi. Cin ruwa ne. Amma fa ba ruwan ne ke ci ba, ƙwayar cuta ce dangin makero, danshi da ɗumi take so. Nawa ya fara ne tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, lokacin da nake wankau, ina yini cikin ruwan sabulu da silifas na roba.

Kar ki yi irin gangancina. Kemis na je, yaron shagon bai ko kalli ƙafar ba ya miƙo mini man nan da ake haɗa magani uku a ciki. Kwana 2 ƙaiƙayi ya kwanta, har ina sa masa albarka. Ashe a cikinsa akwai sinadarin nan steroid da ake sawa a man bilicin, yana lafar da ƙaiƙayi ne kawai, cutar kuwa tana ƙara yaɗuwa. Kafin wata guda ta ci har tafin ƙafa.

A haka na je suna gidan dangin maigida. Na cire takalmi zan hau tabarma, sai facalata ta toshe hanci ta ce, "Wai wa ya shigo mana da daddawa ne?" Ɗaki cike da mata, har da surukata. Aka yi dariya. Ita da ta san abin da ke damuna, ita da nake yi wa wankin yaranta kyauta in ta haihu! Ko shinkafar ban iya ci ba, mayafina na ja na fita. Har yau in muka gaisa sai maganar nan ta dawo mini.

Don haushi a daren na zuba kalanzir, wai yana busarwa. Ƙafa ta kumbura sai asibiti, aka ce wasu ƙwayoyin cutar sun shiga ta tsagar. Bayan maganin kumburin aka ba ni man clotrimazole, safe da yamma har sati 4, aka ja mini kunne kar in daina don na ga ya bushe.

Ki ware tsumma na ƙafa kaɗai. Duk alwala, duk wanka, ki bi yatsu ɗaya bayan ɗaya ki goge. Sau biyar muke jiƙa wurin nan a rana mu zura takalmi a haka. Silifas ɗin banɗaki na kowa da kowa ki rabu da shi. In kin sosa ki wanke hannu, don yana komawa matsematsi. Lalle na sa, ya ɗan busar, amma bai kashe ba. Af, in kina da ciwon suga kar ki tsaya gwaje-gwaje, asibiti kawai. Haka in farce ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, shafawa ba ta cika isa ba, likita kan rubuta ƙwaya ta wajen wata 3.

Ki leƙa ƙafar maigidanki ma. Ni cin ruwan nawa sau biyu yana dawowa, ashe Baban yara na da shi, yana yini da sau-ciki da safa ɗaya kwana uku. Sai da muka shafa tare, na riƙa shanya masa takalman a rana, sannan na huta.