Makirfon hamonika yana ɗaukewa: a canza masa gindi ko a gyara na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina busa hamonika tare da wasu abokaina makaɗa. Kwanaki na sayi wani tsohon makirfo tokumbo a kasuwar Alaba, mai kama da fitilar keke, an rubuta Astatic JT-30 a jikinsa. Wayarsa murɗa ta ake yi a gindi kamar murfin kwalba. Da na ɗan motsa sai sauti ya ɗauke ko ya yi ƙaras-ƙaras, wani lokacin kuma ga ƙugi. Wani mai gyara ya ce in bari ya cire gindin ya sa mini mai ƙafa uku, wai sai in riƙa sa shi a mikisa, wato na'urar haɗa sautuka, kai tsaye. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yarda tukuna. Abubuwa biyu ne ya haɗa maka wuri guda: ɗaukewar sauti daban, shiga mikisa daban. Na farkon aikin minti ashirin ne da ɗan guntun dalma. Na biyun kuwa ko gindi goma aka canza ba zai warware shi ba.

Mu fara da ɗaukewar. Kwance wayar ka kalli bakinta da kuma gindin makirfon. A tsakiyar kowanne za ka ga ɗan tudun dalma kamar kan ashana. Waɗannan tudun biyu su ne suke gogar juna sauti ya wuce, zoben da kake murɗawa kuma shi ne at, wato hanyar ƙasa. Dalma abu ne mai laushi, yau a murɗa gobe a murɗa har tudun ya baje, ko ya yi baƙi saboda danshi. Idan ka ga haka, kankare shi da ɗan sanfefa, ka ɗiga masa sabuwar dalma ya sake tasowa. Kada ka cika, domin in ya yi tsini da yawa zoben ba zai kai ƙarshen zarensa ba.

Idan tudun lafiya suke, to waya ce ta tsinke a ciki, kuma kusan kullum daidai wuyanta take tsinkewa, inda ta fito daga ɗan sifirin da ke bayan kan wayar. Dalilin shi ne yawancin mutane wayar suke juyawa gaba ɗaya maimakon zoben kaɗai. Ɗauki mita ka sa ta a awon da take yin ƙara idan layi ya haɗu. Wayar kaɗai za ka auna, a cire daga makirfon: tudun tsakiya zuwa tsinin jak (filogin da ke ɗaya bakin wayar), zobe zuwa jikin jak. Kana aunawa kana lanƙwasa wuyan. Inda ƙarar ta katse, nan cutar take. Tsakanin tsakiya da zobe kuma bai kamata mita ta yi ƙara ba ko kaɗan.

Gyaran ba wuya. Kwance ɗan sukurun da ke gefen kan, zaro sifirin, yanke wajen inci biyu na wayar ka yar. Fere sabon baki, ka naɗe ragar jan ƙarfen da ta kewaye wayar tsakiya a kan sifirin ka liƙe ta da dalma, ka zura wayar tsakiya ta cikin ɗan ramin, ka yanke rarar, ka yi mata tudu. A nan ne na fi ganin ɓarna a teburina: gashi guda na raga, siriri kamar na gemu, ya kauce ya taɓa wayar tsakiya, makirfo ya yi tsit, mai shi ya ɗauka ya mutu. Duba da kyau a cikin haske kafin ka rufe. Idan kan ya lalace gaba ɗaya, sunansa Switchcraft 2501F, na jikin makirfon kuma 2501MP. Akwai ma wani ɗan mahaɗi, 332A, da ake murɗawa a gindin sai ka samu ramin jak, ka yi amfani da wayar jita ta yau da kullum. Da a hannuna makirfon yake, wannan zan nema kafin in bari dirila ta taɓa shi.

Ƙugin kuma galibi at ne ya saki a ciki. Kwanson makirfon zubin tutiya ne, dalma ba ta kama shi, sai ta zauna a kai kamar ta kama, kwana biyu ta ɓalle. Da sukuru da ɗan kunnen ƙarfe ake ɗaure masa wayar ƙasa, bayan an kankare fenti da tsatsar wurin.

Kafin ka buɗe cikinsa, ga inda nake so ka nutsu. Asalin JT-30 da zuciyar kiristal ko ta siramik yake zuwa, zuciya kuwa ita ce ɗan abin da ke ciki mai mayar da sauti lantarki. Ta kiristal ɗin da gishirin Rochelle aka yi ta, wanda yake shan danshi, kuma zafin da ya kai wajen digiri 55 yana gamawa da shi. Ka ga ke nan Legas ba garinsa ba ce. Damina guda a ɗaki mai laima, ko yini guda a but ɗin mota cikin cunkoson gadar Third Mainland, sun isa. Haka ma ayan ɗin liƙi: in ka daɗe da shi a kan ƙafar zuciyar, ka dafa ta. Shi ya sa ba na taɓa ƙafafunta in da hali, sai in yanke wayoyinta biyu nesa kaɗan in yi haɗin a can. Kada kuma ka ɗora mata mita don auna ohm, wato ma'aunin tirjiyar da abu ke yi wa lantarki, wutar batirin mitar ba ta yi mata daɗi. Idan ka tarar an riga an canza ta da irin ta maganaɗisu ta kamfanin Shure, wadda ke cikin tsofaffin makirfofin Green Bullet da suka fara fitowa a 1949, wannan tana jure awo, za ka ga ohm 1,000 da 'yan kai. Kuma ka yi sa'a, don ita danshi bai cika damunta ba.

Yanzu maganar mikisa. Wannan makirfon irin wanda masu aikin sauti ke kira mai babban imfidans ne: yana ba da ƙarfin sauti mai yawa amma ba ya iya jan kaya. An yi shi ne don amfilifaya irin ta jita, wadda mashigarta take da ohm wajen miliyan 1. Ramin mikisa mai ƙafa uku kuwa ohm ɗinsa 'yan dubbai ne kawai. In ka haɗa su, kamar ka ɗora wa Keke Marwa lodin tirela ne: kaurin sautin zai tafi, sai siririyar murya kamar ta tsohuwar rediyo. Canza gindi bai canza halin zuciyar ba. Ga kuma wutar bolt 48 da mikisa ke turawa wasu makirfofi ta wannan ramin, wadda za ta iya kashe kiristal. Ƙari a kan haka, makirfofin hamonika masu ƙafa uku ba haɗinsu ɗaya ba, wasu sautin yana ƙafa ta 2, wasu ta 3, sai ka ari waya a wurin biki ta ƙi yi.

Idan dole sai mikisa, hanyar da na fi so ita ce ka busa ta cikin ƙaramar amfilifaya, a ajiye wani makirfon a gaban sifikarta. Kaurin nan mai ɗan gurnani da ake nema a hamonika daga nan yake fitowa. In babu amfilifaya, nemi akwatin DI mai aiki da batir, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin makirfon da mikisa, wanda mashigarsa take da ohm miliyan 1 ko sama. Wayar da ke tsakanin makirfon da abin da ya shiga kada ta wuce mita 6, kuma ta zama mai raga. Tsawo yana cinye sauti.

Abu guda da ba na wasa da shi: shokin. Kwanson ƙarfe ne a tafin hannunka, hamonika ƙarfe ce a leɓenka, kuma kwanson a haɗe yake da jikin amfilifaya. Wutarmu bolt 230 ce, gidaje da yawa a Agege da Idi-Araba soket ɗinsu ba at, janareta ma haka. Tsofaffin amfilifayoyin Amurka masu filogi ƙafa biyu, da ake haɗawa da tiransfomar rage wuta, su suka fi haɗari. Idan ka taɓa jin ɗan cizo a leɓe, kashe komai, ka kai amfilifayar a sa mata waya mai ƙafa uku, a kuma duba soket ɗin. Naɗe makirfon da salatif ba magani ba ne.

In ka gama busa, goge shi, ka kwance wayar ta zobe, ka ajiye shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.