Jan hular Santa ya biyo auduga: yaya zan wanke sauran?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Kolumbus, jihar Ohayo ta Amurka. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta haura tamanin, za ta koma wajen ɗanta, sai ta bar mini kwali uku na kayan adon Kirsimeti da na Halowin, bikin da Amurkawa ke yi a ƙarshen Oktoba, da take jerawa a ƙofar gidanta tun 'ya'yanta na ƙanana. Akwai manyan mutum-mutumi na roba masu ƙwan fitila a ciki, da 'yan barewa marasa nauyi, da 'yan kabewa masu tauri. Duk sun sha ƙura. Na ɗauki ɗaya daga cikin manyan, Santa, tsohon nan na Kirsimeti mai gemu da jar hula, na goge hularsa da ruwan goge jan farce, sai jan ya biyo audugar. Na tsorata na ajiye. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, gara da abin ya tsaya a hula. Ruwan goge farce yawanci asiton ne, kuma da kabewar nan kika fara da shi, jikinta ne zai narke. Mu duk abin da ba ƙarfe ba, ba katako ba, roba muke ce masa, amma kwalayen nan naki roba iri uku ce aƙalla, kuma abin da ɗaya za ta jure shi ne ajalin ɗaya.

Manyan masu fitila su ne mafi sauƙi. Da roba irin ta jarka aka yi su: a narka ta, a hura mata iska cikin mazubi, ta fito da rami a ciki. Ki juya ƙasan kowanne ko bayansa, sau da yawa za ki ga sunan kamfani da shekara, kamar Empire ko Poloron ko Union Products. Wannan na ƙarshe, da ke garin Leominster a jihar Masacuset, ya rufe a 2006, shi ya sa masu tara irin kayan nan ke rububin abin da ya bari. Robar kanta ba ta da tsoron ruwa. Matsalar fentin ce. Irin wannan roba tana da santsi kamar kakin zuma, fenti ba ya shiga jikinta, zama kawai yake yi a sama. Bayan shekara arba'in yana shan rana da ƙanƙara, ko farce ya isa ya kankare shi.

Don haka ki fara cire ƙwan da wayar gaba ɗaya. Ki kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, irin na shafa hoda ya wadatar, domin ƙura in ta jiƙe a ƙarƙashin tsumma yashi take zama, ta yi ta zana fentin. Sannan ki ɗiga sabulun wanke kwanuka, ɗigo biyu ko uku, a roba ɗaya ta ruwa mai ɗan ɗumi, wanda za ki iya yi wa jariri wanka da shi. Ki tsoma tsohuwar singileti ta auduga, ki matse sosai, ki gwada a bayan ƙafa inda ido ba ya zuwa. Ki duba tsumman. In launi ya taɓa shi, ki daina, wannan kaɗe ƙura kawai za a yi masa. In bai taɓa ba, ki riƙa dannawa kina ɗagawa, ban da dirza. Cikinsa kuwa, inda ba fenti, ki zuba ruwan sabulun ki girgiza, za ki sha mamakin matattun ƙwari da saƙar gizo da za su fito. Ki kife shi a inuwa kwana biyu kafin ki mayar da fitila.

Farin soson nan da ake kira Magic Eraser, kada ya kusance su. A hannu yana da laushi, amma aikinsa kankara ne. Haka bilic da barasar goge ciwo da injin wanke kwanuka.

Barewar ce ta fi sa ni tsayawa. In kin ɗaga ta kin ji kamar ɓawon ƙwai, kuma haske na ratsa ta, mai yiwuwa seluloid ce, tsohuwar robar da aka fara sarrafawa a Amurka wajen 1870. Japan ta yi irin waɗannan 'yan tsana da yawa, kuma in kin ga tambarin Occupied Japan a ciki, an yi ta ne lokacin mamayar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta ƙare a 1952. Ki murza ta a hankali da ɗan yatsa ki sansana: in kin ji ƙamshin kafur, ita ce. Seluloid na kama wuta kamar an zuba mata fetur. Wasu za su ce ki gwada ta da allura mai zafi, kada ki yarda. Ba a jiƙa ta, danshi na hanzarta lalacewarta, busasshen burushi kawai. Ba a kuma rufe ta ruf a leda, domin in ta fara tsufa tana fitar da iska mai guba ga kanta da duk abin da ke kusa, har ƙarfe take sa wa tsatsa. Wadda ta fara tsattsagewa kamar ƙanƙara ko tana gumi, ki ware ta. Ba ta warkewa.

'Yan kabewar masu tauri, waɗanda ke ƙara ƙwas in an ƙwanƙwasa, irin waɗanda kamfanin Rosbro ya yi ta yi a shekarun 1950 ana zuba wa yara alewa, tsinken goge kunne mai ɗan danshi ya ishe su. Suna fashewa in sun faɗi, saboda haka ki shimfiɗa tawul a tebur kafin ki fara.

Ajiya ta fi wanki ɓata kayan nan. Na sha ganin ƙaramin mutum-mutumi da wani dogon tabo a jikinsa kamar an ɗora masa ƙarfe mai zafi, alhali wuta ba ta taɓa shi ba. Wayar lantarki ce aka naɗe shi da ita aka ajiye. Man da ke sa rigar waya laushi yana tsatsowa, ya narka roba mai tauri a hankali. Ki naɗe wayoyi dabam. Kada ki ƙunsa kayan a jarida, tawada na kamawa. Tsohon zanen gado na auduga ya fi. Kuma ki nema musu kabad a cikin gida, domin ɗakin saman rufi zafin bazara na lanƙwasa roba, gareji kuma sanyin Ohayo na sa ta tsage.

In za ki kunna su, ki sauya tsohuwar wayar, ki sa ƙwan LED da ba ya zafi. In kuma wata rana kin yi tunanin aika ɗaya gida tsaraba, ki tuna wutar Amurka volt 120 ce, tamu ta kusa ninki biyu, sai an sauya ƙwan. Yara ƙanana kada su sa su a baki, domin sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a kayan wasa da na gida, wanda kuma shi ne dalilin da ba a kankare tsohon fenti da samfefa.

Hular Santa kuwa, in sayarwa za ki yi, ki bar ta yadda take ki faɗa wa mai saye gaskiya, don yawancin masu tarawa sun fi son tsohon fenti da tabonsa. In a ƙofarki zai tsaya, ki sami jan fentin feshi da aka yi don roba, ki rufe fuskar da gemun da takarda, ki fesa sama-sama sau biyu, sannan ki kunna fitilar a duhu ki ga ko hasken na ratsa hular daidai da rigar.