Zan je ƙaramin kulob ɗin jaz a ƙasar waje, me ya kamata in sani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni ƙasar waje, kuma na daɗe ina sauraron jaz a waya amma ban taɓa ganin ana kaɗa shi ido da ido ba. Ina so in je ƙaramin kulob. Sai dai ban san tsarin shiga ba, ba na shan barasa, kuma ina tsoron in zauna har a tashi ban gane komai ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi kyakkyawan zaɓi, domin ƙaramin ɗaki ne ya fi dacewa da wannan kiɗa. A can za ka ga makaɗa suna haɗa ido, suna ɗaga wa juna kai, suna tsara abin da za su buga a nan take.

Ka fara da tantance irin gidan, don ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai gidan sauraro, inda ake yin tsit da zarar an fara. Village Vanguard na New York, wanda aka buɗe a 1935 a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai cin mutum ɗari da ashirin da 'yan kai, irin wannan ne. Ronnie Scott's na Landan, da ya fara a 1959, ana cin abinci a ciki amma ana buƙatar shiru. Caveau de la Huchette na Faris kuwa gidan rawa ne. Idan sauraro ya kai ka, guji gidan abincin da kiɗa ƙari ne kawai a cikinsa, don ƙarar cokula da hira za su danne rabin abin da ka je ji.

Yawanci ana yin zango biyu a dare, kowanne awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, kuma tikitinka na zango ɗaya ne. Sayi tikitin ta intanet tun da wuri, musamman Juma'a da Asabar. Ka isa da rabin awa kafin lokaci, saboda a gidaje da yawa wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar kujera. Riƙe fasfo ɗinka: a Amurka shekarun shan barasa 21 ne, kuma wasu gidajen ba sa barin wanda bai kai ba ya shiga ko da ba zai sha ba. Zango na biyu ya fi sakewa, makaɗan sun ɗumama, amma duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe kafin ka zaɓe shi.

Batun barasa kada ya dame ka. Gidaje da yawa a Amurka suna ɗora wa kowane mutum sayen abin sha ɗaya ko biyu bayan kuɗin shiga, kuma lemo ko ruwan kwalba suna cike wannan sharaɗi. Sai dai ka sani za a sha a kusa da kai. Idan hakan ma ba ka so, nemi wasan rana ko gida irin Preservation Hall na New Orleans, wanda ke aiki tun 1961, ba a sayar da barasa a ciki, kuma har yara ana shiga da su. A Amurka ana ƙara wa mai hidima kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da ka saya. A Faransa an riga an sa kuɗin hidima a cikin lissafi. Inda ba a karɓar kuɗin shiga, za ka ga ana zagayawa da bokiti ko kwalba, kuma wannan ne ladan makaɗan, don haka riƙe 'yan canji.

Wurin zama yana da tasiri ƙwarai. Kujerar da ke jikin ganguna za ta cika maka kunne da ƙarar faya-fayan ƙarfe har fiyano ya ɓace. Gaban bakin ƙaho ma haka. Layi na biyu ko na uku, wajen tsakiya ko ɓangaren fiyano, shi ya fi ba da sauti daidai, kuma daga nan za ka ga hannun mai fiyano.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato yadda za ka bi kiɗan. Kusan kowane kiɗa yana tafiya a kan tsari guda. Da farko za a busa ainihin karin, sau ɗaya ko biyu. Daga nan makaɗa za su riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ƙirƙiro nasa karin a kan ginshiƙin na farkon, wanda ke ta zagayowa a ƙasa ba tare da ya canza ba. A ƙarshe a koma kan karin farko a rufe. Zagaye ɗaya galibi gaɓa 12 ne idan bulus ne (blues, tsohon salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka), ko gaɓa 32 da aka raba gida huɗu, takwas-takwas: na ɗaya, na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku ya bambanta. Kowace gaɓa bugu huɗu ce a mafi yawan lokuta. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka riƙe karin farko a zuciyarka, ka ci gaba da rera shi a ciki yayin da mai busa saksofon ke nasa. Nan take za ka ji inda ya bi karin, inda ya kauce da gangan, da inda ya dawo.

Idan ka ɓace, bar mai busa ka koma kan mai bes, babban gogen nan da ake kaɗa tsirkiyarsa da yatsu a tsaye. Yakan buga sauti ɗaya a kowane bugu, kamar mai tafiya. Sannan kalli ƙafar hagun mai ganga, tana haɗa faifai biyu a bugu na biyu da na huɗu. A kan waɗannan ake kaɗa yatsa, kuma wanda ya tafa a na ɗaya da na uku yana tafiya ne saɓanin makaɗan. Gab da ƙarshe za ka iya jin mai ganga da sauran suna musayar gaɓa hurhuɗu, wannan ya yi, wancan ya amsa. A ganina nan ne baƙo ya fi saurin gane cewa zance suke yi da juna.

Ana tafi bayan kowane makaɗi ya gama nasa, ko da kiɗan bai tsaya ba. Lokacin da mai bes ke nasa sauti yakan yi ƙasa sosai, kuma a nan ne mutane ke kuskuren fara hira, alhali shi ne lokacin da ya fi buƙatar shiru. Kashe ƙarar waya, kada ka kunna fitilar hoto, kuma ka bi dokar gidan kan ɗaukar bidiyo, don wasu sun hana baki ɗaya.

Idan ka ga an rubuta "jam" a jadawalin ƙarshen dare, zama ne da makaɗa baƙi ke hawa su haɗu da na gida ba tare da atisaye ba. Kuɗin shiga yakan yi sauƙi, ingancin kuma yana hawa yana sauka. A irin wannan zama ne a Minton's Playhouse na unguwar Harlem a New York, a farkon shekarun 1940, mai fiyano Thelonious Monk da mai ganga Kenny Clarke da abokansu suka girka bibop, wani salon jaz mai sauri. Don zuwanka na farko dai ka zaɓi ƙungiyar mutum uku ko huɗu da suka saba aiki tare, saboda za ka iya bin kowane kayan kiɗa daban. Duba sunan shugaban ƙungiyar a jadawali, ka saurari kiɗansa biyu ko uku kwana ɗaya kafin ka je.