Amsa: Wace laftof ce ta dace da sabon ɗalibin BUK?

Malam, tunda ka ce ƙaninka zai fara karatu a BUK (Jami'ar Bayero ta Kano) kuma kuɗin bai kai na sabuwa ba, ka nemi ta hannu irin ta ofis: HP EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 ko Dell Latitude 5490. Sun fi jure wahala, kuma ana samun kayan gyaransu a Beirut Road da ke Kano.

Wajen processor, wato ƙwaƙwalwar laftof, kada ka sauka daga Core i5 ƙarni na 8 (8th Gen), domin na ƙasa da shi ba sa cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta janye mata tallafi a Oktoban 2025. Ka nemi mai RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) 8GB, da SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256GB. In injiniya zai karanta, AutoCAD, manhajar zanen injiniyoyi, zai fi son RAM 16GB.

Batir shi ne abin dubawa sosai, ka san halin wutarmu. Tun a shago ka buɗe cmd (wurin rubuta umarni a Windows), ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton batir ɗin da zai fitar, ka kwatanta ƙarfinsa na asali da na yanzu. In ya gaza kashi 70, a rage maka kuɗi. Ka shiga BIOS (saitin da ake shiga lokacin kunna laftof) ka tabbatar ba a kulle da kalmar sirri ba, ka gwada kowane maɓalli, kuma don Allah ka karɓi rasit.